Ranar da Ragunan Dutse Suka Ƙi Saukowa

Zuwa ga Maigida, uban Nomau,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana cikin hutu inda kake. Mu nan ƙasar Sarkin Hausa muna nan yadda Allah ya aje mu.

Bayan gaisuwa, ni ce Hannatu. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda ka bar ni ban san ko baƙi ɗaya ba. A ajin mata na majami'a na koya, da furfura a kaina, yara na leƙe ta taga suna dariya. Maganar da na daɗe ina yi maka ni kaɗai a gona, har maƙwabta suna cewa tsohuwa ta fara taɓuwa, ita zan rubuta yau. Wanda ya ga dama ya karanta. Dama mutanen garin nan sun sha yawo da sunanka a bakinsu, to yau su ji daga nawa bakin.

Bana ma ruwa ya makara, soji kuma sun sake karɓar mulki. Shi ya sa kake ta faɗo mini a rai. Na sha yunwa a bayanka, na binne ɗiya, amma abin da ya fi cin raina shi ne shekara goma sha wani abu da na yi ban san ko ni matar aure ce ko gwauruwa ba, ɗanka kuma ya tashi ana kiransa ɗan wanda ya gudu.

Kai mahalbi ne ɗan mahalbi. Da ka ba da gaskiya ka zubar da layu da ƙahonnin maganin gidanku, danginka suka yi ta fushi, amma kwari da baka ba ka zubar ba. Abu ɗaya kake ɗauka in za ka daji bayan su, tokar murhuna a 'yar jakar fata. Sau nawa muka yi faɗa a kan tokar nan! Ina tara ta don in yi ruwan toka na miya, in juya baya ka kwashe. Ka ɗibi kaɗan da yatsa ka saki, ka ga inda iska ta kai ta, sannan ka san ta gefen da za ka bi. Ka sha gaya mini cewa barewa tana iya ganinka ta tsaya tana kallo, amma in iska ta kai mata warinka, sai dai ka koma gida.

Ko da safe ka fito ƙofar ɗaki, kafin ka wanke fuska ka san ko ranar ta nama ce. In an yi ruwa jiya, sawu na nan a kan rairayi ƙarara, har ka gane wadda ke da ciki ka ƙyale ta. In iska ta yi ƙarfi ka ce dabbobi sun kwanta, ka ɗauki hauya ka yi gona. In zafi ya matsa, ka san inuwar goriba za su nema, sai ka riga su can. Ban taɓa ganin iska ta yi maka ƙarya ba, shi ya sa ka yarda da ita fiye da yadda ka yarda da maganata.

Duk wannan a cikin gulbi kake yinsa. Gulbin nan namu na Kaba kuwa suna ne kawai. Tun kakanni ba wanda ya ga ruwa yana gudu a cikinsa. A ciki muke noma, a ciki muke yankan kaba, a ciki kake kwanto ka wuni. Ruwan sama in ya zuba a wurinmu, nan yake nutsewa inda ya faɗi.

Sai fari ya zo, na bara bai gama sakinmu ba na bana ya hau kansa. Soji sun riga sun hana farauta a ƙasa duka. Wanda aka kama da naman daji sai hannun jandarma, kuma ana raɗe-raɗin cewa gidan da aka samu da laifi za a cire shi daga rabon jar dawar taimako. Ka cusa bakanka cikin jinkar ɗaki. Ko ba a hana ba ma, me za ka harba? Barewa ta ƙare, gada ta ƙare, zabin daji ko kukansu ba a ji. Muka yi shuka da ruwan farko, ta fito kamar abin arziki, rana ta ƙone ta tas. Ɗan irin da ya rage ka zuba a tulu, ka liƙe bakinsa da laka.

A kasuwar Tasawa ka ji labarin. Wasu mutanen ayari suka ce maka can arewa, cikin duwatsun Abzin, akwai ragon dutse, mai ƙaho nannaɗe da gemu har gwiwa, ɗaya ya fi tunkiya biyu nama. Suka ce a shekara mai kyau ba a ganinsa, yana can ƙololuwa yana lasar raɓa, amma in fari ya yi tsanani dole ya sauko neman ruwa a kwari, kuma ma'aikatan daji ba sa kai wa can. Ka dawo gida idonka na ƙyalli. Na san wannan idon, na kuma san na riga na sha kaye.

Duk da haka na yi magana. Na ce maka mutumin rairayi me ya haɗa shi da dutse, kai da ko tudun kirki ba ka taɓa hawa ba. Na ce maza na ta tafiya kudu neman garin rogo, ka bi su. Ka ce kai ba ka iya dako ba, ba ka iya roƙo ba, abin da ka iya ke nan, kuma iska ɗaya ce ko'ina. Kai dai da taurin kai, Maigida. Ɗiyarmu Ladi na goye a bayana tana tsotsar yatsa, Nomau na zaune yana kallonmu.

Da za ka fita ka naɗe baka da kwari cikin tabarma, ka kwashe mini toka, ka ce duk wanda ya tambaya in ce ka tafi cin rani Najeriya, ko Fasto kada in gaya wa. Sannan ka nuna tulun ka ce: «In ruwa ya sauka kafin in dawo, ki shuka, kada ki jira ni.» Ka hau kamyon, babbar motar kaya da ke zuwa arewa, ka zauna bisa buhuna, ba ka waiwayo ba. Wannan rashin waiwayen ya dame ni shekaru.

Ruwa bai sauka ba. Muka ci 'ya'yan anza na daji, a jiƙa a zubar, a sake jiƙawa a zubar, ɗacin na nan. Muka tona gidan tururuwa muka kwashe abin da suka tara. Nonona ya ƙafe. Ladi ta fara gudawa, kanta ya yi girma, wuyanta ya kasa ɗaukarsa. Ranar da ta daina kuka na fasa lakar tulun nan na daka irin na yi mata kunu. Ta sha, mu ma muka sha, har ya ƙare. Bai hana ta tafiya ba. A bayan majami'a muka sa ta, inda gawon nan yake, kuma mazan da suka yi ramin sai da suka huta sau da yawa don ba ƙarfi a jikinsu.

Da aka ga damina mai kyau, maza suka fara dawowa, wani da rediyo, wani da cuta, wani hannu wofi. Kowa na tambaye shi don in cika ƙaryar da ka bar mini, kowa ya ce bai gan ka ba. Ba a Jibiya ba, ba a Katsina ba, ba a Kano ba. Daga nan magana ta tashi. Aka ce ai an san irinku, mazan da yunwa ta kora suka manta hanya. Wata ta rantse ɗan'uwan mijinta ya hango ka da mata da goyo a wata tasha. Danginka suka ce dama wanda ya zubar da maganin ubansa, zubar da iyali ba zai yi masa wuya ba. Ni kuwa bakina a ɗinke, don soji na nan, dokar na nan, kuma ina jin tsoron in na faɗi gaskiya ka dawo su kama ka.

Na je wurin Fasto, bawan Allah, na roƙe shi a yi maka addu'ar mamaci. Ya sunkuyar da kai ya ce ba gawa, ba shaida, ba zai iya binne mai rai ba. Wani ɗan'uwa a ikilisiya da matarsa ta rasu ya aiko yana nemana, dattawa suka ce ba hali, da igiyar wani a kaina. Ba zan ɓoye maka ba, da sun yarda da na yi, don hauya ta ci mini kafaɗa kuma na gaji. Ranar zumuntar mata in aka ce matan aure su tashi, in tashi a kalle ni. In aka ce gwauraye su zo su karɓi tiyar hatsi, in zauna.

Nomau ne ya fi shan wuya. A lakwal, makarantar boko, in mushe malaminsu ya kira sunansa haɗe da naka, sai yara su yi ta ƙus-ƙus, wani ya yi kamar mai tsere. Ya dawo gida da leɓe a fashe ba sau ɗaya ba. Da ya yi hankali, dokar ma ta yi sanyi, na zaunar da shi na gaya masa inda ka tafi. Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce: «Inna, wane rago ne ake bi shekara goma?» Tun ranar ya hana a ambace ka a gabansa. Da ya yi ɗan fari aka ce a sa masa sunanka, ya tashi ya bar wurin.

Har ni, Maigida. Tun ina kare ka har na fara cewa a raina, wa ya sani ko labarin ragon ma shiri ne. Na tsane ka wasu shekarun. Na yi maka addu'ar da ba ta dace da bakin mai bi ba. Allah ya sani, kai ma yanzu ka sani.

Mulkin soji ya tafi, wani ya zo, arewa ta rikice ta lafa, aka sake wani farin. A shekarar ne makiyaya suka gangaro da ragowar dabbobinsu har rijiyoyin El Alasan Mairairai. Wani mai sayar da kanwa ya zo ya ce mini akwai wani Ba'abzine can da ke ta tambayar gidan wani mahalbi Kirista, mutumin Gulbin Kaba, mai mata Hannatu. Na ce a kawo shi. Na aika aka kira Nomau, ya zo yana cin magani, ya tsaya bakin zaure ya ƙi zama.

Agali sunansa, dogo, ramamme, rawani ya rufe masa baki, Hausarsa guntu-guntu. Ya ƙi shan ruwan da na kawo sai ya gama magana. Ya ce ya tsince ka a bakin wata rijiya leɓe duk a tsage, ya kai ka bukkarsa. Shi ya san duwatsu amma ba shi da makami, kai kana da baka amma ba ka san hanya ba, iyalinsa kuma na cikin irin halin da muke. Sai kuka haɗa kai.

Ya ce da farko ka sha wahala, don iskar dutse ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Da rana ta hau sai ta bi kwari ta yi sama, da yamma ta juyo ta gangaro, tsakanin duwatsu kuma ta yi ta kewaya. Ka saki toka ta yi gabas, ka taka kaɗan ta yi yamma, raguna su ji warinka su watse. Ya ce kana zagin iskar da Hausa yana dariya. Amma ka koya. Ka gane cewa in zafi ya kai maƙura, ba gajimare, ragunan kan sauko wajen la'asar zuwa wani ɗan gurbi a tsakiyar kwari, inda ruwa ke tsatsowa ƙarƙashin yashi. Can ka samu biyu. Kuka yanyana naman kuka shanya, ka ware naka ka ɗaure, ka ce ɗaya kawai za ka ƙara ka kama hanya.

Kwarin nan, in ji shi, matsattse ne, dutse tsaye dama da hagu, ƙasansa farin yashi mai laushi. Ka ce masa nan ne kaɗai ƙafarka ke jin ta zo gida. Ya gargaɗe ka cewa su ba sa daɗewa a ciki da damina. Ka ce wace damina, shekarar da ko ɗigo babu, kuma kai a cikin gulbi aka haife ka.

Ranar, shi ya hau bisa dutse don ya hango maka su, kai ka yi kwanto ƙarƙashin wata ƙaya a tsakiyar yashi. La'asar ta yi, ragunan ba su sauko ba. Ya hango su can sama suna ƙara hawa, manya da ƙanana, ba mai waiwayen ruwa. Sai iska ta juya tun lokacinta bai yi ba, ta gangaro daga kan kwarin, mai sanyi. Ya ga ka saki toka, ta dawo maka a ƙirji, ka ɗaga masa hannu kana murna. A wurinka iska ce mai kyau, daga wajen dabba take zuwa, ba mai jin warinka. Shi kuwa ya san ba alheri take tafe da shi ba. Ya juya ya duba, can nesa bisa manyan duwatsu hadari ya yi baƙi, a kanku kuwa rana tsaye. Sannan ya hango ruwa a cikin kwarin, ja wur, yana tafe da itatuwa.

Ya ce a harshensu ruwan da ke zubowa daga sama sunansa daban, wanda ke gudu a ƙasa sunansa daban. A Hausa kalma ɗaya ya sani. Ya buɗe murya iya ƙarfinsa ya ce: «Ruwa! Ruwa na zuwa!»

Ka tashi tsaye. Ka cire malafarka. Ka ɗaga kai sama.

Haba Maigida. Wane manomi ne a ƙasar nan za a ce masa ruwa na zuwa ya dubi ƙasa? Ka juya gabas, ka hango baƙin hadarin nan, ka buɗe hannuwa. Agali na ta yi maka alama da hannu ka hau dutse, kai ka ɗauka rawar murna yake, ka mayar masa. Ya ce dariya kake, kuma ya ji abin da ka faɗa sarai, don kwarin na ɗaukar murya:

«Mun gode Allah! Gobe sai gida, Hannatu na da iri!»

Daga nan ƙarar ta rufe komai.

Ya same ka bayan ruwan ya janye, can ƙasa, maƙale a saiwar wata itaciya. Bai san yadda ake binne Kirista ba, sai ya juya kanka kudu, wajen gida, ya tara duwatsu. Bai kai rahoto ba, don da ya faɗi abin da ya kai ku kwarin da shi ma an tafi da shi, 'ya'yansa su mutu. Naman da ka ɗaure mana, su suka ci. Ya faɗi wannan kansa a ƙasa, ya ce da shi suka ga ƙarshen shekarar, dukansu suna raye. Ban ji haushi ba. Na ce masa gara da ya shiga cikin wani yaro. Ban gaya masa abin da ya sami irin ba, kayan da ya ɗauko sun ishe shi.

Nomau na tsaye inda yake. Can sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, yana roƙon baƙon ya sake faɗin maganarka ta ƙarshe. Agali ya sake. Nomau ya ce ya ƙara. Ya ƙara. Sai ɗanka, mai mata da 'ya'ya, ya sulale jikin bango ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da riga. Na bar su na shiga ɗaki.

Ranar Lahadi, bayan wa'azi, da aka zo sanarwa, Nomau ya miƙe ba wanda ya kira shi. Ya ce yana sanar da ikilisiya cewa ubansa ya rasu, a arewa, wajen neman abin da iyalinsa za su ci. Ya faɗi sunanka cikakke, da ƙarfi, har na waje suka ji. Fasto ya tsufa a lokacin, da sanda yake tafiya, amma da kansa ya tashi ya yi addu'ar da na roƙa tun Nomau na lakwal.

Da yamma na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Suka zo, Kirista da Musulmi, danginka, har wadda ta rantse an gan ka da mata a tasha. Kowa ya durƙusa ya ce: «Hannatu, ya haƙuri?» Ka gafarce ni, Maigida, amma ban taɓa jin gaisuwa mai daɗin wannan ba. Mata na ta kallona suna jiran in fashe da kuka, ni kuwa ina ta cije leɓe kada a ga fuskata. Mijina ya mutu, bai gudu ba. Sai da kowa ya watse na ɗauke tabarmi, sannan kukan ya zo, kuma ya daɗe bai tafi ba.

Ubangiji ya ba ka hutu a ƙarƙashin duwatsun da ban taɓa gani ba. Ya haɗa ka da Ladi, ka riƙe mini ita, ba ta da nauyi. Ya saka wa Agali, ya yafe wa bakunan da suka ci namanka da gulma, ya yafe mini nawa. Ya ba ƙasar nan ruwa mai albarka, ya kuma sa in ranata ta zo ta same ni a shirye. Cikin sunan Yesu, amin.

Ka huta lafiya.

Ni ce gwauruwarka,
Hannatu